Inna Mai Tsintsiya da Launin Bangon Silima

Kafin tela ya ɗaga ƙofar shagonsa, Inna mai tsintsiya ta iso bakin tsohuwar silima, tsintsiya a hammata, ɗan bokiti a hannu. Ta share matakala bakwai ɗin nan na gaban ginin, ta kwashe ledoji daga bakin tagar sayar da tikiti, ta yayyafa ruwa, ta kama hanyar gida. Shekara ashirin da takwas ta yi tana sharar cikin silimar lokacin da take ci. Da aka garƙame ƙofa, sai ta koma sharar waje, shekara goma sha shida ba wanda ya sa ta. 'Yarta ta yi faɗa har ta gaji.

"Inna, gidan da jemagu suka gada kike wa shara?"

"Ƙafata ce ke kawo ni," in ji ta. "Je ki tambaye ta."

Da mutanen unguwa suka ji ƙishin-ƙishin za a rushe ginin, sai suka ce ba da su ba. Aka kafa kwamiti, aka ɗora tsohon hedimasta a kai. Wata matashiyar injiniya ta zo ta zagaya ciki baki buɗe, ta ce irin wannan gini at deko ake kiransa, kuma yanzu wuyar gani yake yi. Ta nuna layukan da ke hawa-hawa a jikin ginshiƙai, da zanen rana mai fitowa a saman allon fim, da gidajen fitila masu siffar mafici. Inna tana gefe tana saurare, abin duniya ya ɗaure mata kai. Duk waɗannan da ake yabo, ita maɓoyar ƙura ta san su, kuma ta sha tsine wa wanda ya ƙirƙiro su.

Aiki ya kankama. Duk Asabar kafintoci su zo su tayar da kujeru, teloli su ɗinka musu riguna, masu walda su hau rufi, mata su yi ta kwasar kashin jemage a buhuna suna toshe hanci. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, wata takwas sai ga zaure ya fara kama da kansa. A nan ne aka zo kan fenti, a nan ne kuma zance ya lalace.

Yoyo da hayaƙi sun cinye bangon tas, hotunan da aka samo kuma duk baƙi da fari ne. Mahauci ya ce ja ne, ya rantse. Tela ya ce shuɗi ne, shi da launi ne sana'arsa wa zai gaya masa? Tsohon mai haska fim ya ce ruwan zinare, alhali shi ta wata 'yar kafa yake leƙen zauren duk rayuwarsa. Kowa ƙuruciyarsa yake karewa, shi ya sa ba wanda zai sauka. Kafintoci suka bi mahauci, teloli suka bi nasu, Asabar uku a jere ba a ga ko ƙusa ɗaya an buga ba. Ginin da ya tsira daga masu rusawa yana nema ya mutu a hannun masoyansa.

A taro na huɗu, ana cikin ɗaga murya, Inna tana can baya tana tattara shara. Ba da kowa take ba, da kanta take magana, sai dai muryar tsohuwa ba ta san raɗa ba.

"To ku da kuke shiga an kashe fitila, ku fito kuna murza ido, yaushe kuka ga bango?"

Hedimasta ya cire tabarau ya dube ta. Gaskiya ce ɗaya tak: duk garin nan mutum guda ne ya ga zauren da rana, ƙofofi a buɗe, safiya bayan safiya.

"Inna, ke da kika gani, wane launi ne?"

Ta lumshe ido. Launin ya zo mata nan take, har da sanyinsa. "Kore ne. Kore mai haske, kamar ɗanyen lemo."

Shi ke nan magana ta ƙare. Mahauci ya ce in Inna ce ta faɗa ya yarda, tela ma haka. Aka ɗauko kujera aka ajiye mata kusa da hedimasta, ita da ko a bikin 'yarta ba ta zauna gaba ba. Mutanen da suka shekara arba'in suna tsallake tsintsiyarta suka koma durƙusa mata. Mai fenti ya yi ta haɗi yana kawo mata a jikin katako, ta ce ƙara fari, ta ce rage, sai a na bakwai ta ce yawwa. Aka tsayar da Litinin za a fara fenti. Inna ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba, wa ke ƙin a ce ya sani?

Ranar Asabar da safe ta shiga neman wurin ajiye bokiti, ta tura ƙofar ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, inda a da take jingine tsintsiya ta zauna ta huta. Ƙofar ta buɗe da ƙyar. Bangon ɗakin kore ne mai haske, kamar ɗanyen lemo, daidai da na jikin katakon mai fenti.

Ta fito ta tsaya tsakiyar zaure, ta rufe ido ta nemi bangon a ranta. Ba bango. Abin da ke zuwa mata guntayen tikiti ne, da ɓawon gyaɗa, da guntun taba, da takalmi wari ɗaya da wani ya gudu ya bari. Mai shara ƙasa yake kallo. To koren nan na zaure ne da ɗaki duka, ko na ɗakin ne kaɗai ta kwaso ta shafa wa zaure? Ta juya abin gaba, ta juya shi baya, ba ta gane komai ba sai ciwon kai.

Ta gaya wa 'yarta. 'Yar ta kama haɓa.

"Inna, ki rufa mana asiri ki yi shiru. Kowa ya yarda, rigima ta mutu. Wa zai kama ki?"

"In na yi shiru ƙarya ce za a shafa."

"Kin tabbata ƙarya ce?"

"Ban tabbata ba."

"To kin tabbata gaskiya ce?"

"Yarinyar nan, da na tabbata da ɗaya ai da na ci abinci."

Kwana biyu tana wannan hali. In ta buɗe baki, kujerarta ta tafi, a ce tsufa ya taɓa ta, rigima kuma ta dawo ta kashe aikin. In ta kulle baki, jikokin unguwa su tashi suna nuna bango suna cewa haka kakanninsu suka gan shi.

Litinin da hantsi mai fenti ya hau tsani, ya tsoma buroshi. Jama'a sun taru kallo. Inna ta ratsa su, ta riƙe ƙafar tsanin.

"Ɗana, sauko tukuna."

Hedimasta ya matso. "Lafiya, Inna?"

"Malam, ban sani ba. Na ce kore, amma ban sani ba." Aka fara gunaguni, wani daga baya ya ce da ma ya faɗa. Ba ta waiwaya ba. "Launi ya ɓace mini. Amma na san inda tsummana bai taɓa shiga ba."

Ta ja su har bakin ƙofar fita, ta nuna wani allon ƙarfe na hana shan taba, ya yi tsatsa har rubutun ya goge. Ta ce a nan ta same shi ranar da ta fara aiki, manne da bango, ta yi ta ƙoƙarin goge bayansa ta kasa. Mai walda ya yanke ƙusoshin, aka ɗaga allon.

Ruwan hoda. Ruwan hoda sak, mai laushi, kamar an shafa jiya.

Mahauci ne ya fara magana. "Yanzu a cikin wannan muka yi ta kallon fim ɗin dambe muna ihu?"

Dariya ta ɓarke har tela na riƙe ciki. Ba wanda ya ci, don haka ba wanda aka kayar. Kafin azahar an haɗa ruwan hoda, buroshi goma ne a jikin bango, Inna kuwa ta koma gefe tana share hawaye, ita a ganinta ta gama kunyata kanta.

Ke ce, Inna, kika riƙe ƙafar tsani lokacin da shiru zai fi miki riba. An ba ki girman da kika shekara arba'in ba ki samu ba, kika ajiye shi da hannunki a gaban mutane don kada a shafa wa bango abin da ba ki tabbatar ba. Mun ga masu digiri da ba za su iya furta "ban sani ba" ko da wuƙa a wuya. Gagara-gajiya, uwar masu sammako, wannan jinjina taki ce.

Ranar buɗewa, da la'asar, aka zaunar da ita a layin gaba. Ashe ba ta taɓa kallon fim a gidan ba ko sau ɗaya. Ta ɗaga kai tana kallon bangon, a karon farko ba aiki a hannunta. Sai fitilu suka mutu. Ta dafa hannun hedimasta.

"Malam, duk wahalar nan da muka sha, kashe fitilar za a yi?"

Har yau ba ta gamsu da amsar da aka ba ta ba, kamar yadda ba ta gane dalilin wannan rubutu ba. Da aka ce mata za a yabe ta a gaban masu karatu, cewa ta yi, "Ni da na yi kuskure?"

E, ke ɗin. Yanzu da gwiwa ta ce ki huta, muna cewa Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Mu kuma da ake kira malam, ake kira shugaba, ake ajiye mana kujera a gaba, mu koya daga wurinta: ranar da muka ji a ranmu ba mu sani ba, mu tashi mu faɗa tun buroshi bai taɓa bango ba. Mun gode, Inna, da kuskurenki, mun fi godiya da kika faɗe shi.