Saƙon da Ya Ce Ana Nemanmu

'Yan uwa, yau saƙon 'yan damfara ya sa ni kuka a cikin bas!

Na taso daga aiki, na shiga motar Lugbe. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini wayarta.

"'Yata, karanta mini. Kullum sai ya zo."

Na duba. Sanarwa ce da Turanci, irin wadda shafukan bogi ke turowa: wai wani yana nemanka, danna nan.

Na fassara mata. Fuskarta ta haska kamar an kunna fitila!

"Falmata ce, autata! A daji muka rabu lokacin da muka gudo daga Borno. Danna mini."

Innalillahi.

Na ce, "Mama, ba Falmata ba ce. Ɓarayi ne, kowa suke tura wa."

Ta ce, "A'a. Ni kaɗai ake turo wa."

Nan take wayata ta yi ƙara. Wallahi saƙon nan ne, sak! Na jera wayoyin biyu a cinyata, na nuna mata.

Ta daɗe tana kallonsu. Muka iso tasharta, kwandasta ya yi ihu, "Kuchigoro!"

Na ce, "In toshe miki shi?"

"Bar shi."

Ta sauka, sannan ta leƙo ta taga.

"Ke ma ba ki toshe naki ba. Wa kike jira, 'yata?"

Mota ta tashi kafin in amsa. Tun safe, shi kaɗai ne saƙon da ya shigo wayata.