Na Haɗa Maigidana Aji Ɗaya da Yaransa

A lokacin ni ne mai kula da ma'aikata a wani ƙaramin kamfani a Kazaure. Muna ƙera injinan sussukar gero da na ɓarar gyaɗa, manoman Babura da Roni da Gwiwa suna saya. Kaina na rawa, gani nake babu abin da zai gagare ni. Da mai kamfanin ya sayo injin yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta, sai ya ɗora mini tsara yadda za mu koma kansa kafin kaka.

Na tara kowa aji ɗaya, babba da yaro, a gaban wani matashin injiniya daga Kano. Cikinsu har da dattijon da ya koya mini walda, wanda ko sunansa ba na iya kamawa, sai dai in ce Baba. Duk sanda injiniyan ya tambaya ko an gane, Baba ne farkon gyaɗa kai. Na san ba haka ba ne, domin ina ganin yatsansa na shawagi a kan maɓallan, bai taɓa ko ɗaya ba. To, yaya dattijo zai ce bai gane ba a gaban yaran da ya horar? Ni kuma da wane baki zan faɗa masa? Matata ta sha ce mini in same shi a gida mu yi magana, ina ta cewa gobe.

Ranar buɗe injin, mai kamfanin ya ce don girmamawa Baba ne zai yi yankan farko. Ya danna abin da ya danna, injin ya keta farantin ƙarfen a karkace, dariya ta kuɓuce wa ɗaya daga cikin samarin. Baba ya tuɓe rigar aikinsa, ya ninke, ya yi mana sallama. Na bi shi gida ina ba shi haƙuri, ya ce babu komai, tsufa ne.

Ba tsufa ba ne, ni ne na bar halas don kunya. Duk wanda aka ɗora wa irin wannan aiki, ya fara koya wa manya a keɓe, inda za su yi kuskure babu idon yara. Har yau in na gaishe shi yakan amsa da fara'a, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, amma bai sake ce mini yaya aiki ba.