Ranar da Aka Ari Hancina

Na fi shekara ashirin ina sayar da kayan yaji da kayan ƙamshi a kasuwar Parakou, amma ban san maigidana na yawo da labarin hancina ba sai wata Asabar da ya ce in shirya mu tafi Djougou.

"Wa ya rasu?" na tambaye shi.

"Ba kowa. Likita ne ke so ki duba masa wani ganye."

Likitan nan na dabbobi ne, Kirista, ya daɗe da yin ritaya. Sun shaƙu tun lokacin da maigidana ke ɗauko shanu a kamyo, babbar motar kaya, daga Pélébina, kuma a bakin dillalan shanu Likita ya koyi Hausarsa. Wata mura mai tsanani da ya yi ta tafi da jin ƙamshinsa, ko albasa aka yanka gabansa sai dai ya gani da ido.

Na ce Asabar ranar ciniki ce, a bari sai Litinin. Maigida ya ce ya riga ya yi alkawari. Haka na bar wa maƙwabciyata rumfa, muka matsu cikin taksi, buhun doyar wani bisa ƙafafuna har Djougou.

Matar Likita ta ba mu ruwa, muka gaisa, sannan Likita ya ja mu ɗakin baya. A bakin ƙofa na tsaya cak. Ga ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ga bido, wato jarka, da siririn tiyo a bakinsa, ga kwalabe jere a ƙasa. A unguwar Kpébié na girma, kusa da masu dafa burkutu, na san warin tsiron hatsi ko daga nesa.

"Alhaji," na ce, "giya ake yi nan."

"Ba giya aka ce ki duba ba. Ganye ne."

Likita ya dube shi. "Ba ka gaya mata ba?"

Maigida ya shiga gyara hularsa.

Likita, bawan Allah, ya yi mini bayani cikin kunya. Ganyen, da Faransanci houblon suke ce masa, ba ya fitowa a ƙasarmu. 'Yarsa ce ta aiko masa iri uku daga Turai, an niƙa an dunƙule su kamar abincin kaji. Giya mai haske yake son yi, ta shan kansa, wadda ɗacinta da ƙamshinta duk daga ganyen nan suke. Yana neman ɗaya na ɗaci, ɗaya na ƙamshi, ga shi duk ukun ɗaya suke a hancinsa.

Na ce, "Likita, ka yi haƙuri. Ba na sha, ba na sa hannu. Ba zan zaɓa maka ba."

"Gaskiyarki, Hajiya," ya ce, ya fara tattara ledojin ganyen. Na farkon a buɗe yake. Da ya wuce da shi gabana, maganar ta fita kafin in kama ta.

"Wannan ka zubar da shi."

"Me ya same shi?"

"Wari yake kamar cukun da ya kwana uku a rana. Ina ka ajiye shi?"

Ya nuna saman firijo. Sama fa, ba ciki ba, inda zafin injin ke bugawa. Raina ya ɓaci irin na mai sana'a. Na ce ko kanumfari aka yi wa haka ya mutu, balle ganyen da ya ƙetaro teku. Ina cikin faɗa maigida ya tura mini leda ta biyu ƙarƙashin hanci.

"To wannan fa, shi ma ya lalace?"

"Bai lalace ba. Ciyawa ce ɗanya, da ɗan masoro can ƙasa."

Ya miƙo ta uku. Wallahi ban yi niyya ba, amma ban taɓa jin irinsa ba: ɓawon lemo ne da mangwaron da bai gama nuna ba, har da wani abu kamar ƙaro. Na faɗa. Da na ɗago, Likita na ta rubutu a bayan ambulan.

"Me kake rubutawa?"

"Ba komai, Hajiya."

"Ban zaɓa ba fa. Abin da na ji kawai na faɗa."

"Haka ne," suka ce tare.

Na fice na samu matar Likita a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta ce ɗakin bayan nan na baƙi ne, yanzu danginta tabarma ake shimfiɗa musu a falo. Muka zauna muka zazzage mazajenmu har la'asar.

Muka kama hanyar dawowa. Wajen rabin hanya maigida ya ce ai mara lafiya na taimaka. Na ce in ya ƙara kalma ɗaya zan sauka in hau babur. Washegari na kai wa malamarmu ta Islamiyya maganar. Ta ce in yi istigfari, kada in koma ɗakin, ganyen kuwa shi kansa ba laifinsa.

Bayan mako biyu wani direba ya kawo mini ƙullin leda daga matar Likita. Ganyen nan na ukun ne, da saƙon in gwada shi cikin ruwan citta, in zuba bayan na sauke tukunya. Na ce ba mutanen Djougou za su koya mini dafa citta ba, na tafasa su tare. Ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Ban zubar ba. Na cika kwalba biyu na sa a firijo, duk sanda maigida ya nemi abin sanyi na zuba masa kofi, na zauna ina kallonsa. Kwana uku ya yi yana sha yana cewa ba laifi.

Ragowar ganyen na bi saƙon yadda aka ce, ya yi daɗi ƙwarai. Ni da maƙwabciyata muka shanye a rumfa.