Yatsa Uku a Ƙasan Jar Riga

Duk wanda ka gani a unguwarmu wandonsa ya tsaya masa a ƙwauri kamar mai shirin tsallake kwata, ba sai ka tambaya ba, ɗinkin Innarmu ne. Za ta auna ka sau uku, ta ja layi da alli a jikin yadi, amma in ta zo kalmasa sai ta ƙara naɗe yatsa uku. In ka yi ƙorafi ta ce ai ba ƙasa ce ta saya maka yadin ba, don me za ka ba ta ta cinye. Mutane suka gaji suka sa mata Mai Ɗangale, suna tsiya suna kawo aiki, don a wuyan riga da kafaɗa ba ta da na biyu. Tsofaffin masu kawo mata ɗinki kan ce da can ba haka hannunta yake ba. Na sha jin wannan maganar, ban taɓa tsayawa a kanta ba.

Kuma abin haushin, ni Allah ya yi ni da zargi. In na ga mutum ya cika gaisuwa sai na nemi abin da yake so. Sai dai duk zargina a kan Baba ya ƙare, shekara talatin cur.

Baba kafinta ne a masaƙa. Ma'aikatan suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma duk ƙarshen shekara wasa ɗaya suke yi a babban zaurensu: wani waziri ya zuba wa sarkin da ya rene shi guba, ya hau gado, daga nan ya kasa cin abinci sai wani ya ɗanɗana masa, har ya rame ya haukace. Mai fitowa a wazirin shi ne Dogo, mai kula da injina, mutum mai murya kamar ganga. Baba shi ke haɗa dandamali, Inna ke ɗinka kaya. A cikin wasan kuwa Baba ne mai ɗanɗana abinci, ya faɗi magana biyu ya faɗi matacce. Amma duk maganar wazirin tana kansa. Yana goge katako a tsakar gida yana zuba ta, har da tsayawar numfashi. Inna tana kan keke za ta ce masa shekara tara kenan yana mutuwa tun mutane ba su gama zama ba, ko kunya ba ya ji. Shi sai ya yi dariya. Ita ba ta yi.

A ƙarshen wasan akwai inda waziri yake gangarowa da gudu daga kan gado, matakala bakwai, cikin doguwar jar riga. A shekara ta goma, ranar farko, ina zaune a layin gaba, Dogo ya taho da gudun nan, a mataki na uku ƙafarsa ta harɗe ya wuntsulo. Ƙarar da ƙugunsa ya yi har yau tana kunnena. Bai ƙara tafiya ba sanda ba.

Kafin a kai shi asibiti magana ta gama zaure. Wa ya haɗa matakalar? Wa ya haddace maganar waziri? Manyan ƙungiya suka duba, suka tarar kowace ƙusa tana wurinta, amma aka ce ai mai guduma ya riga su zuwa. Mako na zagayowa aka sa wa Baba jar rigar, don ba wani da zai iya. Ya yi wasan da mata suka riƙa share hawaye, kuma wannan ne ya ƙarasa shi. A bakin ƙofa na ji wani yana cewa, ai wannan ba kwaikwayo yake ba. Daga shekarar bai sake hawa dandamali ba.

Ni na sa masa ido. Ya daina dariya a gida. In ya hango Dogo sai ya sauya hanya. Ya kuma kwashe kayansa ya riƙa kai wa wani tela can bayan kasuwa, ga keke a gidansa. Na ce a raina, mai laifi kenan, ko matarsa ba ya son ta taɓa jikinsa. Sau ɗaya na tare shi da maganar, bayan na yi aure na fara ɗinki tare da Inna. Ya ce, "Matakalata ba ta da laifi." Na jira sauran, bai ƙara ko kalma ba. Na tashi ina cewa wayo ne, ya wanke katako ya bar kansa.

Bara ya rasu. Bayan wata huɗu aka rushe tsohon zauren, wani ya tuna da mu ya kawo mana akwatin kayan wasa, wai ko za mu samu abin yin faci. Jar rigar tana can ƙasa, asu ya ci kafaɗarta. Na zauna da rana tsaka na farke kalmasar don in ga ko yadin zai yi amfani.

Yadi ba ya mantuwa. Duk inda aka taɓa karya shi da guga aka bi da allura, sawun yana nan. Na ga karin kalmasar Baba can sama, don shi gajere ne. Na ga na Dogo a ƙasa, ya yi baƙi, ya koɗe da shekara tara na goge dandamali. Sai na ga na uku a ƙarƙashin na Dogo, fes da shi, kamar wanda aka sa sau ɗaya. Na ɗora hannuna tsakaninsu. Yatsa uku daidai. Kuma ba shirme ba ne na mai sauri, ƙananan ramukan allura ne a jere reras, irin ɗinkin da na sani tun kafin in san karatu.

Inna tana kan tabarma tana cire zare a wani wando, don idonta ya daina ganin ramin allura. Na shimfiɗa mata rigar a cinya, na kama yatsanta na bi da shi kan layin. Ba ta tambaye ni mene ne ba.

"Tuntuɓe kawai na so ya yi," in ji ta. "A yi masa dariya, su ce ya tsufa."

Na tambaye ta ko Baba ya sani. Ta ce ranar da za ta rage masa rigar yana tsaye a kanta lokacin da ta juya ƙasan. Kafinta ne, idonsa awo ne. Bai ce mata komai ba, ranar ko bayanta. Wallahi na so in yi mata ihu, amma abin da ya hana ni shi ne irin kallon da na riƙa yi wa mutumin nan shekara talatin, ina miƙa masa ruwa ina harararsa ta gefe.

Na ce sai ta je ta faɗa wa Dogo da bakinta, a wanke sunan Baba ko da a wurin mutum ɗaya ne. Ba ta yi musu ba. Washegari da hantsi na riƙe hannunta muka je. Muka same shi a ƙofar gida kan benci, sandarsa a jingine. Bayan gaisuwa Inna ta ce ta zo ne kan maganar faɗuwar nan. Dogo ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi, Mai Ɗangale. Na yafe masa tun ranar da aka fita da gawarsa. Ke kam ai haƙuri kika yi da zama da shi."

Na dubi Inna. Leɓenta ya motsa sau biyu. Na matse hannunta har na ji ƙashi.

"Na gode," in ji ta.

Muka juyo gida. Na yi rantsuwa a hanya cewa ni zan koma in faɗa. Wata bakwai kenan. In na faɗa, tsohuwa mai shekara saba'in da makantattun idanu zan miƙa wa bakin unguwa. In na yi shiru, Baba yana nan inda ta bar shi. Jar rigar tana ƙasan akwatina a naɗe, Inna tana nan tana cire zare, kuma na lura duk motsina yanzu sai ta karkato kunne ta ji ko takalmin fita na sa.

Kullum da safe Dogo yana wucewa ta gaban shagon ɗinkinmu, sanda na ƙwanƙwasa ƙasa. Ya tsaya ya gaishe ni, ya ce Allah ya jiƙan babanki, duk da haka. Ni kuma in ce amin.