Gayyar Sarkin Noma Hambali

Hambali gandu ya gada, gonar gida da ake nomawa tare. Kakansa ne ya sare dajin a gabashin Sara, ubansa ya tone kututturan, shi kuma ya tarar da ƙasa mai ba da dawa. Shekarar da Turawa suka tafi ya ɗaure dami dubu, dattawa suka gani da idonsu, aka naɗa shi Sarkin Noma.

Aikin sarautar ɗaya ne. Duk wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa, Hambali ne zai kira masa gayya, shi ne kuma zai fara sunkuyawa. Shekara goma sha biyar yana haka bai taɓa kiran tasa ba, don 'ya'yansa huɗu sun ishe shi.

Sai kuɗin man fetur ya shigo. Aka buɗe aikin kwalta wajen Birnin Kudu, uku suka tafi leburanci, babbansu Haladu kaɗai ya rage. Daminar nan ruwa ya yi yawa, ciyawa ta shaƙe dawa. In aka ƙara mako ba a yi maimai ba, an rasa ta.

Hambali ya kira gayya. Ya yanka bunsuru, matarsa Batulu ta dama fura ƙwarya goma, aka kawo makaɗi. Hantsi ya dubi ludayi, mutum biyar suka zo, duk masu furfura.

Buba, wanda Hambali ya nome gonar ubansa damina uku lokacin da uban yake jinya, ya tsaya a bakin hanya kan sabon keke.

"Sannu da aiki, Baba Sarki. Nawa ake biya a wuni?"

"Nawa na karɓa a gonar ubanka?"

"Ai lokacin ba kuɗi a gari."

"Akwai dai mutane."

Buba ya yi dariya, ya taka kekensa.

Haladu ya ce, "Baba, mu sayar da saniya ɗaya mu ɗauki 'yan ƙwadago."

"In ni na sayi hannu, gobe wa zai fita gonar marar saniya?"

Ya ƙi. Su bakwai suka nome abin da ƙugunsu ya iya, ciyawa ta cinye saura. Dami tamanin aka ɗaure.

Da kaka Haladu ya nemi rabonsa. Hambali bai yi musu ba. Da kansa ya taka gandun, ya raba shi huɗu, ya dasa gamba a kan iyakoki.

Har ya rasu ana ce masa Sarkin Noma. Ba a naɗa wani bayansa ba. Babu wanda ya nema.