Jan Kwadon Lonnie

Jama'a, a dare, a ba da hanya! Ga Curtis Nowicki, injiniyan masana'antar ƙofofin mota a Toledo, dodon injuna, mai digiri a bango da tumbi a gaba! Ya yi furfura yana tsara yadda farantin ƙarfe zai shiga inji ya fito ƙofa, ana ta lasa masa zuma a baki da kujerar babban injiniya.

Dokar wurin kowa ya san ta: mai shiga cikin inji sai ya kashe wuta ya ɗana kwadonsa a makunni, kuma mai kwado ne kaɗai ke cire abinsa.

A makon da za a ba da kujerar, aka zo canjin ma'aikata da rana, ga jan kwadon Lonnie makanike rataye a injin matse ƙarfe. An buga wayarsa, shiru. An duba waje, babu motarsa. Tireloli sun yi layi a bakin masana'anta suna jiran kaya.

Manaja Hargrove ya iso da almakashin ƙarfe yana huci. "Tsohon nan ya wuce gida da makulli a aljihu. Ba da izini a yanke, Curtis."

"Ba wanda ya ga fitarsa, yallaɓai."

"Motar tasa fiffike ta yi? Kai, kujerar nan kana sonta kuwa?"

Yana so mana, har mafarkinta yake yi. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, yaron manaja ya riga ya ɗora yatsa kusa da maɓalli. Curtis ya zaro nasa kwadon, ya ɗana kusa da na Lonnie, ya ɗauki tocila ya gangara ramin ƙarƙashin inji.

Can ƙurya ya hango takalma biyu. Ya ja ƙafa ɗaya, sai ga Lonnie ya sulalo, kunnuwa a toshe, fuska duk baƙin mai. Ashe 'yarsa ce ta zo ta ari motar.

Lonnie ya ce, "Ɗan boko, me ya sauko da kai? Miƙo min sifanar can."

Hargrove ya ajiye almakashi. Kujera kuwa aka ba wani mai saurin cewa to. Wai Curtis ya cika nawa.

Da na tare Curtis bakin injin na rero masa kirarin nan kaf, ko kai bai ɗaga ba ya ce:

"Ka gama? To sa tabarau ɗinka na kariya, ka matsa daga hanyar ƙarfe."