Matar da Na Ce wa Lafiyarta Lau

Ni haifaffen Tawa ne, kuma kafin in lalace mai shara ne ni a wani ƙaramin gidan likita da ke bayan tashar mota. Ba zan faɗi sunana ba, don ƙannena na lakwal, wato makaranta, kuma abin da na jawo musu ya isa. Aikina tsintsiya da bokiti. Ina ci, ina sha, ina kwana ba tare da fargabar kowa ba. A lokacin ban san wannan ma arziki ba ne, raina shi nake yi.

Wadda nake aiki a ƙarƙashinta malamar jinya ce, Madam Rahila, Kirista daga kudu, mace mai faɗa amma mai kirki. Idan tana duba mara lafiya sai in yi ta goge wuri ɗaya ina satar kallo. Abin da ya fi burge ni shi ne awon tansiyo, wato hawan jini. Ta ɗaura ɗamara a dantsen mutum, ta matsa roba, ta dubi allurar agogon, ta faɗi magana ɗaya, sai ka ga dattijo mai furfura ya yi laƙwas. Wannan girman na yi kwaɗayi, ba ilimin ba. Wahalar karatu kuwa ko a mafarki ban so ta ba.

Wata rana abin awon ya lalace, allurar ta daina tashi daidai. Madam ta ce in jefa shi a shara. Na ce to, na sa shi cikin rigata na kai gida. A raina na ce ai ba sata ba ce, abin da aka yar ne. Da wasa na fara. Na auna gwaggona, na ɗaure fuska irin ta Madam, na ce ta rage gishiri. Kafin mako ya zagayo tsofaffin unguwa sun fara sallama a ƙofar ɗakina, suna kirana lokotoro, wato babban likita. Ni da ko rubutun takardar magani ban iya karantawa ba. Kaina ya kumbura, na ƙi gyara musu sunan.

Daga nan na sayi farar riga a wurin 'yan bosho, masu sayar da gwanjo, na ajiye tsintsiya ba ko sallama. Na riƙa sayen ƙwayoyin ciwon kai a teburan bakin hanya, in ɓare su daga takardarsu, in zuba a kwalabe. A cikin Tawa ban iya baza haja ba, don an san ni da bokiti. Sai na koma bin kasuwannin ƙauye, yau Kalfu, jibi Affala. In shimfiɗa tabarma a inuwa, in rataya abin awon a wuya, in jira.

Dabarata ɗaya ce, kuma mummuna ce. Ba dantsen mutum nake dubawa ba, rigarsa nake dubawa. Idan na ga mai babbar riga, ya sayar da sa ko raƙumi, sai in matsa roba, in zare ido, in yi salati a hankali. Wannan salatin kaɗai ya isa ya tsorata mutum. Sai in ce jininsa ya hau ƙwarai, amma Allah ya kawo shi da wuri. Idan kuwa talaka ne mai yagaggen takalmi, sai in ce lafiyarsa lau don ya tashi ya ba ni wuri. Har ina yaba wa kaina, wai ni ba na cutar talaka.

Ranar da nake so ku ji labarinta, ina kasuwar Affala da hantsi. Wani mutum ya tsayar da amalanken jaki a gabana. Siriri ne, da rawani, ya ce sunansa Alkasum, daga wani ƙauye a arewa da gari. A bayan amalanken matarsa ce, Ramatu, da tsohon ciki. Ya kama ta ya saukar da ita a hankali.

Ya ce, “Lokotoro, likita za mu, sai an ka ce muna ga babba nan ya zo daga Tawa. Kwana ukku kanta na sara. Ta ce wuta-wuta taka gani ga idanunta.”

Na dubi ƙafafunta, sun kumbura har takalmi bai shiga. Fuskarta ta cika, yatsunta ma haka, zoben azurfa ya nutse cikin nama. Na san wannan. Sau biyu na taɓa ganin irinta a wurin Madam Rahila, kuma duk sau biyun Madam ta bar abin da take yi, ta yi ihu a kawo mota. Ban san sunan ciwon ba, amma na san ba ya jira.

Gidan likitan gwamnati yana nan kusa, ana hango rufinsa daga inda nake zaune. Da na nuna musu shi da yatsa, da shi ke nan. Amma mutane sun kewaye ni suna kallo, ga wani dillalin shanu mai ƙiba yana jiran a gama da ita. Na ji tsoron a ce babban lokotoro ya kasa. Na kuma ji tsoron idan sun je can, majo, shugaban wurin, ya tambayi wane ne wannan mai auna mutane a kasuwa. Tsoron tonon asirina ya fi mini ranta nauyi. Wannan ita ce gaskiya, ba ni da wata.

Na ɗaura mata ɗamarar, na matsa robar, na dubi allurar da na san matacciya ce. Na ce, “Lahiya lau take. Nauyin ciki na. Ku koma gida ta huta, kar rana ta dake ta.”

Alkasum ya yi ajiyar zuciya, ya yi ta sa mini albarka. Ya kwance wani ƙyalle ya ba ni cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, guda biyu. Ramatu ta dube ni kawai da idanun nan da suka ƙanƙance. Ina kallo ya juya kan jakin, suka bar gidan likita a bayansu. Ni kuma na jawo hannun dillali na yi salatina.

Bayan kamar wata guda jandarma suka kama ni a Kalfu. Wani tsoho ne ya kai kwalbata wurin ma'aikacin lafiya don a ƙara masa irinta, daga nan zance ya tashi. A gaban alƙali an karanta laifina: sojan gona da rigar likita da sayar da magani ba izini. Ina tsaye ina jiran a ambaci matar Affala. Ba wanda ya ambace ta. Aka yanke mini shekara biyu a gidan kaso, mutane na ganin na sha da sauƙi.

Zafin kaso da cunkoso da ƙwarya-ƙwaryar abinci duk na jure. Abin da na kasa jurewa shi ne rashin sanin ko Ramatu tana raye. Duk ranar ziyara, idan aka kira sunana, sai in ce Alkasum ne ya zo. Idan na hango mai rawani a bakin ƙofa sai in ɓuya bayan mutane. Ko a salla, ina kai goshi ƙasa sai in ga zoben nan cikin yatsa. Na rame, kaina ya riƙa sara, na koma shan shayi mai ɗaci da taba kamar su ne abinci.

Wata safiya na yanke jiki na faɗi a tsakar gida. Malamin jinya na gidan kason ya auna ni da abin awo na gaske, ya ce jinina ya hau. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce wannan maganar ni ma na sha faɗa wa mutane. Bai yi fushi ba. Ya juyo da agogon ya nuna mini inda allura ta tsaya da inda ya kamata ta tsaya. Ya ce, “Ka bar taba, ka rage shayi, ka riƙa zagaya hilin ga kullum da sahe. Amma akwai abin da ka cin ka wanda awo bai nunawa. Shi kai ka san maganinai.”

Na bi maganarsa, don tsoron mutuwa ya kama ni, kuma ban so in mutu da wannan abu a wuyana. Barin taba ya ba ni wuya ƙwarai. Na riƙa zagaya fili bayan sallar asuba, 'yan ɗakinmu na tsokanata wai lokotoro na neman hanyar gudu. A cikin zagayen nan ne na fara tunani a natse. Na gane tun ina mai shara ban taɓa zaɓar komi da gangan ba, duk inda yabo ya ja ni nan nake bi. Na yi niyya ɗaya: ranar da na fita, zan nemi Alkasum.

Da aka sake ni na yi kwana tara ina ɗaga tafiyar. A na goma na hau motar Affala, daga can na ɗauki kabu-kabu, muna tambaya har muka sami ƙauyen. Na tarar da shi a bakin rijiya yana shayar da awaki. Na shirya wa zagi, na shirya wa sanda. Abin da ban shirya wa ba shi ne ya saki guga ya rungume ni.

Ya ce, “Lokotoro! Kai na? Marhabin!” Ya ja ni gida, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Ramatu ta riga mu. Kwana biyu bayan mun ka gane ka, jijjiga ta kama ta. Mun kai ta likita, an ka ciro ɗiyar da rai, ita ba ta tashi ba. Ikon Allah na. Kai dai ka yi naka ƙoƙari.”

Wata yarinya ƙarama ta leƙo daga bayan wata tsohuwa. Alkasum ya ce tsohuwar mahaifiyarsa ce, ita ke riƙon marainiyar, kuma kwanan nan kan tsohuwar na yawan ciwo. Ya ce tun da Allah ya kawo ni, in taimaka in auna ta.

Da na ce na manta kayan aiki a Tawa, da ya yarda, in tashi da girmana. Na ajiye kwanon ruwan na ce, “Malam Alkasum, ni ba lokotoro ba na. Mai shara na. Abin da na auna ta da shi matacce na. Na ga alamun, na san ciwon bai jira, na ce ku koma gida don kar asirina shi tonu.”

Tsohuwar ta fara salati tana kuka. Ya ce, “Muna ganin ruhin kwanon gidan likita daga inda kake zamne.” Na ce haka ne. Ya tashi, ya ɗauki kwanon da na sha ruwa, ya zubar da sauran a ƙasa. Ya ce, “Yau ban da abin da zan ce maka. Tashi.”

Na roƙe shi abu ɗaya, ya kai tsohuwar wurin likita na gaske. Daga baya na ji ya kai ta, an ɗora ta a kan magani.

Yanzu ina dakon kaya a kasuwar Tawa, ina shan maganina, ina zuwa awo duk wata. Na tuba ga Allah, kuma ina fatan ya karɓa. Ku samari, ku tsaya ku zaɓi abin da za ku zama, kar ku bari yabon mutane ya zaɓa muku. Idan kuna son farar riga ku sha wahalar karatunta. Idan aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku nuna inda aka sani. Kunyar ba ta wuce ta rana ɗaya.

Sau huɗu ke nan ina komawa ƙauyen. Tsohuwar ta fara amsa gaisuwata. Alkasum har yau idan ya hango ni sai ya kora awakinsa ya bi wata hanya. Yarinyar kuwa tana girma, kuma wata rana za ta tambayi abin da ya kashe uwarta.